Ƙanena ɗan cocin Mormon ne, kuma maza yake sha'awa: ko za su kore shi?

Yayar Wani:

Salama gare ku, 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san tsarin Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, wanda aka fi sani da Mormon, ciki da bai. Ƙanena ya yi baftisma a can, ya haura shekara guda yanzu, kuma shekarunsa ashirin da 'yan kai. Ya gaya mini cewa tun tasowarsa maza yake sha'awa. Bai ce yana tare da kowa ba, ni ma ban tambaya ba. Yanzu bishop ɗinsu ya ce ya fara shirin zuwa haikali a Aba, wato ɗakin ibadarsu na musamman da ba a shiga sai da takardar izini, akwai ganawar da za a yi da shi kafin nan, kuma fargaba ta hana shi barci. Ba ya son barin cocin, da zuciya ɗaya ya ba da gaskiya.

Dole ne ya faɗa a ganawar? Idan ya faɗa, korarsa za a yi? Maganar za ta tsaya a ofishin bishop ko za ta fita? Sannan mutum zai iya rayuwa a haka har tsufa? Ni ba 'yar cocin ba ce, a nan Legas muke zaune. Mai zagi don Allah ya wuce.

Dattijon Ikeja:

Salama, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri da kika zama wadda yaron nan ya iya buɗe wa cikinsa. Zan tsaya kan abin da ke rubuce, domin yawancin tsoron da matasa ke ji a kan wannan batu daga ji-ta-ji-ta yake fitowa.

Kundin da shugabannin cocin ke aiki da shi sunansa General Handbook. Tun 2020 aka buɗe shi ga kowa, yana cikin manhajar Gospel Library, kyauta. Ƙanenki ya nemi sashe na 38.6.15 ya karanta da idonsa. Zai tarar an rubuta cewa jin sha'awar jinsi ɗaya ba zunubi ba ne. Wanda ke jin ta amma yana kiyaye dokar kamun kai, yana da cikakken haƙƙin ɗan coci: ya ci Jibin Ubangiji, a ba shi aiki a ikilisiya, ya riƙe matsayin firist, ya karɓi takardar izinin shiga haikali. Dokar kamun kan ita ce, babu saduwa sai tsakanin namiji da mace da aka ɗaura wa aure bisa doka. Saboda haka ba a korar mutum don abin da zuciyarsa ke ji.

Ganawar sau biyu ake yi, ta farko da bishop, ta biyu da shugaban gunduma, wanda ke kan bishop-bishop na yankin. Tambayoyin a rubuce suke, an wallafa su ga jama'a a Oktoban 2019, kuma an hana shugaba ya ƙara sharaɗin kansa ko ya rage. Za a tambaye shi ko ya gaskata da Allah Uba da Yesu Almasihu da Ruhu Mai Tsarki, ko yana goyon bayan shugabannin cocin, ko yana biyan zakkar kashi 10 cikin 100, ko yana kiyaye dokar da ta hana giya da taba da kofi da shayin ganye. Za a tambaye shi ko yana ƙoƙarin tsarkake tunaninsa da halinsa, ko yana kiyaye dokar kamun kai, da kuma ko akwai babban zunubin da ya kamata ya warware da shugabanni. Babu tambayar da ta ce wa kake sha'awa. Idan bai aikata komai ba, ya amsa da "i" a kan kamun kai, gaskiya ya faɗa, bai ɓoye wani abin da ya wajaba ya bayyana ba.

Idan kuwa akwai abin da ya faru tsakaninsa da wani bayan baftismarsa, to lissafin ya sauya, kuma ba zan ba shi shawarar ya yi ƙarya ba. Ko a nan ma ba kora ake fara yi ba. Babi na 32 ya sa saduwar jinsi ɗaya a jeri guda da zina, cikin laifuffukan da mai yiwuwa a kira zaman shugabanni na yanke hukunci a kansu, ba cikin waɗanda zaman ya zama tilas ba irin su kisa da fyaɗe da cin zarafin yara. Sau da yawa bishop kan tsaya ga yi wa mutum nasiha shi kaɗai, ya ce masa ya dakata da cin Jibi ko zuwa haikali na wani lokaci, kuma wannan ba ya shiga takardar rajistarsa. Idan aka kira zama, sai an ba shi sanarwa a rubuce. Hukuncin zai iya zama babu komai, ko a mayar da shi ga nasihar bishop, ko a taƙaita masa haƙƙoƙi a hukumance, ko a janye masa zama ɗan coci. Taƙaitawar kan kai aƙalla shekara guda: ba haikali, ba Jibi, ba wa'azi ko addu'a a gaban jama'a, ba aikin coci, amma yana zuwa sujada. Wanda aka janye wa kuma sai ya yi aƙalla shekara kafin a sake yi masa baftisma. Yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara a rubuce. Ana duba ko shi ya kawo kansa, ko sabon shiga ne, ko abin ya maimaitu, da ko ya riga ya ɗauki alkawaran haikali.

Wannan na ƙarshen shi na fi so ki kai masa. A haikali mutum yana ɗaukar alkawarin kamun kai a gaban Allah, kuma daga ranar nauyinsa ya ƙaru. Wanda ya ɗauki alkawaran, idan ana ganin za a iya janye masa zama ɗan coci, shari'arsa gunduma take zuwa, ba ta tsayawa a hannun bishop. Cika shekara guda bayan baftisma izini ne kawai, ba wa'adi ba ne. Zai iya cewa, "Bishop, ina so in ƙara shiri tukuna," ba tare da ya ba da dalili ba. Haikalin Aba yana nan tun 2005, na Legas ma an sanar da shirin gina shi tun Oktoban 2018. Kuskuren da matasa suka fi yi shi ne su hau motar Aba don kada a ce me ya hana su, alhali ba su zauna sun auna alkawarin da za su ɗauka ba.

Barista Yaba:

Baba Dattijo ya faɗi dokar coci daidai. Ni zan ɗauki tambaya ta uku, domin kundin a Utah ta Amurka aka rubuta shi, ƙanenki kuwa a Najeriya yake kwana.

Da farko Yaya, kada ki ƙara komai a kan abin da kika rubuta a nan: ba unguwa, ba sunan ikilisiya, ba garinku na asali, ba aikinsa. Hausawa a cocin nan a Legas ba su da yawan da mutum zai ɓace a cikinsu.

Sashe na 32.4.4 ya ɗora wa bishop riƙe sirri, kuma ko an sauke shi nauyin yana kansa. Amma akwai ƙofofin da kundin da kansa ya bari. Zai iya tuntuɓar shugaban gunduma a kan ko za a kira zama. Idan aka yi zaman, mataimakansa biyu da magatakarda za su ji. Idan yaron ya tashi daga unguwar, ko ya koma Kaduna ko Jos alhali magana ba ta ƙare ba, tsohon bishop zai sanar da sabo, domin rajistar ɗan coci tana bin inda yake zaune. Kuma bishop ba limamin da ya yi makarantar tauhidi ba ne. Mutumin unguwa ne mai iyali da sana'arsa, ba a biyansa albashi, yakan yi kamar shekara biyar a kujerar. Wani ya karanta sashen nan ya fahimce shi, wani kuwa da tunanin da ya taso da shi zai amsa. Magana zarar bunu ce, don haka kafin ya buɗe baki ya gwada mutumin: ya tambaye shi a sake, me cocin ke koyarwa a kan masu wannan hali, ya saurari yadda zai amsa. Wajen neman ganawa kuma, sakataren bishop lokaci kawai yake tsarawa, ba ya bukatar jin dalili. Kada ya rubuta komai a WhatsApp ko a takarda, baki da baki kawai. Kada kuma ya kwaikwayi bidiyon 'yan cocin na Amurka da ke tashi ranar Lahadin shaida su bayyana kansu a gaban jama'a.

Ga dalili. Dokar hana auren jinsi ɗaya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta yanke shekara 14 ga wanda ya ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya gudanar ko ya shiga ƙungiyar masu neman jinsi, ko ya nuna soyayyar a bainar jama'a. A jihohi 12 na Arewa akwai kuma dokokin shari'a. Babu inda dokar 2014 ta hukunta abin da ke zuciyar mutum, babu kuma inda ta ce ke ki kai rahoton ƙanenki. Sai dai ɓarnar takan riga kotu. A Agustan 2018 'yan sanda sun kama maza 57 a wani otal a Egbeda, aka nuna su a gaban kyamara, aka gurfanar da 47. A Oktoban 2020 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yi watsi da ƙarar don masu gabatar da ita sun kasa ci gaba. Kafin nan wasu sun rasa aiki, wasu gida.

Haɗarin da ya fi kusa da matashi mai kaɗaici shi ne abin da ake kira kito: a yaudare shi ta intanet zuwa wani ɗaki, a yi masa duka, a ɗauki bidiyo, a riƙa tatsar kuɗi. Wanda ya biya sau ɗaya, dawowa suke yi. Idan hakan ta faru, ya adana saƙonnin, ya nemi lauya. Ƙungiyar TIERs a nan Legas tana taimaka wa waɗanda aka yi wa haka. Idan kama shi aka yi, sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauya, kada ya sa hannu a kan takardar da bai karanta ba.

Maman Salama:

'Yata, tambayarki ta huɗu ce ba a taɓa ba, kuma ita ce mai nauyin. Baba Dattijo, ka yi mini haƙuri, dokar a takarda ɗaya ce ga kowa amma a rayuwa ba ɗaya ba ce. Saurayin da ke son mace an ce masa ya jira, ya nema, ya yi aure. Wannan yaron an ce masa ya jira har ƙarshen ransa, ba zance, ba riƙe hannu, ba wanda zai dawo gida ya tarar. Kuma a cocin da komai nasa a kan iyali aka gina shi: sanarwar iyali da Gordon B. Hinckley, shugaban cocin na lokacin, ya karanta a 1995, da koyarwar cewa matsayi mafi ɗaukaka a sama sai da auren haikali. Bishop ma sai mai aure. Cocin ya ce wanda ya riƙe alkawaransa ba zai rasa wata albarka a lahira ba. Akwai masu samun ƙarfi a wannan alkawari har su tsufa a kai, akwai kuma waɗanda yake sa su fara ganin mutuwa ta fi musu. Duk wanda ya ɓoye wa yaron wannan bai kyauta masa ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ciniki da Allah. Yaro ya ce idan na yi azumi kaza, idan na tafi aikin mishan na shekara biyu, idan na shiga haikali, Allah zai cire mini. Ya cika nasa, ya farka sha'awar tana nan, sai ya yanke cewa Allah ya ƙi shi. Cocin bai yi masa wannan alkawari ba. Bai ɗauki matsayi a kan abin da ke jawo sha'awar ba, kuma a 2019 ya fito fili ya ce ba ya goyon bayan jinyar sauya sha'awa, masu ba da shawara nasa ba sa yin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtuka tun 1990. Don haka kada ki bari dangi su kai shi gidan addu'ar fitar da aljanu ko wurin mai magani. Abin da ake dawowa da shi daga can tsanar kai ne da rauni.

Na biyu aure. Dangi za su fara, 'yan coci ma za su fara haɗa shi da 'yan mata da kyakkyawar niyya. Tun 1987 Hinckley ya faɗa a babban taron cocin cewa kada a ɗauki aure a matsayin maganin wannan. Akwai masu irin wannan auren da suka zauna, amma waɗanda matar ta san gaskiya tun kafin a sa rana. Wanda aka yi a ɓoye, 'yar mutane ce ke biya, da 'ya'yan da za a haifa. Idan aka matsa masa, "ban shirya ba, ku taya ni da addu'a" ta isa amsa, ke kuma ki tsaya masa a gaban iyaye.

Ki sa ido a kan barcin nan da kika ambata. Idan ya wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, ya daina fita, ya fara rabar da kayansa ko yana cewa ya zame muku nauyi, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawowa. Idan ya ce i, kada ki bar shi shi kaɗai, ki kawar da magunguna da maganin ƙwari daga ɗakin, ku tafi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba ko asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, inda shirin SURPIN na hana kisan kai yake. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Ba sai ya faɗa wa likita komai a ranar farko ba, rashin barci da baƙin ciki sun isa a duba shi.

Ɗan Wusasa:

Ƙari kaɗan a kan maganar Mama. Tsarin cocin ya sha motsawa. A Nuwamban 2015 an ce mai auren jinsi ɗaya ya yi ridda, 'ya'yansa ba za a yi musu baftisma ba sai sun kai 18. A Afrilun 2019 aka janye. Wasu suna kallon 1978, shekarar da aka buɗe matsayin firist ga baƙaƙen fata, wadda ita ta ba 'yan mishan damar shigowa Najeriya har aka yi wa Anthony Obinna, ɗaya daga cikin 'yan Najeriya na farko a cocin, baftisma, suna cewa wata rana wannan ma zai sauya. Shugabannin sun sha nanata cewa koyarwar aure ba za ta sauya ba. Kada ya gina shekarunsa a kan jiran abin da ba a yi masa alkawari ba.

Kuma ba hanya biyu kawai ke gabansa ba. Zai iya ci gaba da zuwa sujada yana hidima ba tare da ya nemi takardar haikali ba. Zai iya ja da baya na wani lokaci, domin rashin zuwa coci ko rashin biyan zakka ba sa jawo zama. Ko wanda aka janye wa zama ɗan coci ba a hana shi shiga sujadar Lahadi. Fita gaba ɗaya kuwa da wasiƙa ce mai sa hannu zuwa ga bishop, kuma tana soke baftisma da matsayin firist, dawowa sai da sabuwar baftisma. Wannan ba abin da ake yi a daren ɓacin rai ba ne.

Yayar Wani:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mama, na ji, zan kula da shi. Baba Dattijo, saura ɗaya: idan ya zaɓi ya gaya wa bishop, shi kuma ya amsa saɓanin abin da ke rubuce, ya ce sai ya yi aure ko ya hana shi Jibi, me zai yi?

Dattijon Ikeja:

Maman Salama, ban musa ba, nauyin ba ɗaya ba ne, kuma gara ya ji daga bakinmu.

'Yar'uwa, ya shiga da sashen a buɗe a wayarsa. Ya fara da cewa, "Bishop, abin da zan faɗa na sirri ne, ban ba da izinin a gaya wa kowa ba, har mataimakanka." Sannan ya raba maganar biyu da bakinsa: ga abin da nake ji, ga kuma matsayina a kan dokar kamun kai. Rashin raba su shi ke sa shugaban da bai saba ba ya ɗauka ikirarin zunubi ake yi masa. Idan aka shiga tambayoyin da suka wuce kima, yana da damar cewa ba zai amsa ba. An yarda mutum ya shiga ganawa da wani babba da ya zaɓa, don haka idan yana so ki zauna tare da shi, ya sanar da bishop tun kafin ranar.

Idan duk da haka aka hana shi Jibi ko takarda don sha'awar kaɗai, kada ya yi gardama a wurin, kada kuma ya kai ƙorafi zauren WhatsApp na ikilisiya. Ya nuna sashen cikin ladabi, ya roƙi bishop ya karanta su sake zama bayan mako guda. Idan ba a gyara ba, ya nemi ganin shugaban gunduma ta hannun sakataren gunduma, nan ma ba sai ya faɗi dalili ba. Shugaban gunduma shi ke da ikon gyara wa bishop. Ya rubuta ranakun ganawar da abin da aka ce masa a wurin da shi kaɗai ke iya buɗewa, ba a wayar da ake ara ba.